Bargon Ƙasa na Hajiya Bai-Isa-Ba

Allah Ya yi wa Najeriya baiwa iri-iri. Ya ba ta mai a ƙarƙashin ƙasa, Ya ba ta gonaki da dabbobi a samanta, sannan da Ya tashi cika mata ni'ima sai Ya ba ta Hajiya Saudatu ta Ƙofar Durbi. Duk wanda bai san da wannan baiwa ta ƙarshe ba, to bai taɓa zama a shagonta ba ne, domin ita da kanta take sanar da jama'a, kyauta, ko ba a tambaye ta ba.

Sana'arta ɗinki, amma kada tsautsayi ya sa ka kira ta tela. Tela shi ne wancan bawan Allah da ke zaune a bakin Babbar Kasuwa yana yi wa wandon 'yan dako faci. Ita dizaina ce, kuma Jakadiyar Haɗin Kan Ƙasa ta Fannin Sutura, kamar yadda aka rubuta a allon da ke saman ƙofarta da baƙaƙen da ake hangowa tun daga bakin titi. Tsofaffin unguwa, waɗanda Allah Ya jarrabta da rashin mantuwa, sun ce sun san ta tun tana Saude mai keken hannu, tana ɗinka wa yara rigunan Sallah, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. To amma wata shekara sai aka kwashi teloli mata zuwa wani taron bita a Abuja, aka ba kowacce takardar shaida da jakar leda da kwalbar lemo. Sauran suka dawo teloli kamar yadda suka tafi. Ita kuwa a can ta baro Saude, ta dawo Jakadiya, ta kai takardar aka sa mata gilashi.

Kishin ƙasarta ba ɓoyayye ba ne. Shagon kore-fari-kore aka yi masa fenti, haka bencin zaman baƙi, haka kwandon shara. Wayarta in ta yi ƙara taken ƙasa take rerawa, kuma Hajiya ba ta ɗaga waya ana taken ƙasa. Miƙewa take yi tsaye, hannu a ƙirji, ido a sama, har sai kiran ya gaji ya katse don kansa. Mutane da yawa sun daina kiran ta saboda haka, ita kuma ta ɗauka kwarjininta ne ya hana su.

Da ta kama almakashi sai jawabi ya taso mata, kuma duk wadda ta zo karɓar ɗinki sai ta sha rabonta kafin a sallame ta.

"Matsalar ƙasar nan guda ɗaya ce, rashin amana," in ji ta. "Kowa aka ba ajiya sai ya yagi nashi, daga sama har ƙasa. Da akwai irina goma cikin gwamnati, da yanzu Turawa ke zuwa nan neman aiki."

Tana faɗa almakashi na tafiya, kuma almakashin Hajiya ya san wata hanya da ba a koyar da ita a Abuja ba.

A nan baiwarta ta gaskiya take. Tun da Hajiya Saudatu ta fara ɗinki, ba a taɓa kawo mata yadin da ya isa ba. Mace ta kawo turmin atamfa, wanda tun zamanin kakanni yake fitar da riga da zane da ɗankwali har a ga saura, sai Hajiya ta ware shi, ta auna, ta girgiza kai cikin takaici, ta ce kamfanonin yanzu ba su tsoron Allah, sun rage tsawo. In leshi ne, ta ce shigewa yake yi in ya ji guga. In shadda ce, ta dubi mai kayan sama da ƙasa, ta sassauta murya, ta ce ai Hajiya jiki kika ƙara. Ta haka ta samu sunan da ba a rubuta a allo ba, wanda mata ke kiran ta da shi da zarar ta ba da baya, wato Hajiya Bai-Isa-Ba.

Abin da bai isa ba ɗin, a wata tsohuwar adaka yake kwana a ƙuryar ɗakinta. Ba sata ba ce, a'uzubillahi. Tanadi take kiran sa, kuma ta sha faɗa cewa ƙasar da ba ta tanadi ba ta ci gaba. Ƙyalle in ya shiga adakar nan ya yi 'yan watanni sai ya manta uwargijiyarsa, Hajiya kuma ta taya shi mantawa. Har ta kai in ta buɗe tana kallon kayan sai tausayin kanta ya kama ta, in ta tuna irin wahalar da ta sha kafin ta tara su. Matan ba wawaye ba ne, suna zargi. Amma zargi ba shaida ba ne, ga kuma Katsinawa da kunya. Matar babban mutum ta tsaya a bakin shago tana jayayya a kan yadi ɗaya? Sai ta haɗiye, ta yi godiya, ta taya Hajiya zagin kamfani, ta shiga motarta.

Abin da ya riƙe shagon ma ba allon ba ne, mace ɗaya ce, Hajiya Halimatus Sa'adiyya, shugabar wata ƙungiya ta matan manyan gari. Dattijuwa ce mai nauyin baki, wadda in ta yi ɗinki a wuri sai sauran su bi ta kamar tumaki, kuma shekara da shekaru a wurin Saudatu take yi. To bana ƙungiyar za ta karɓi baƙuncin wani babban taro na mata daga ko'ina a ƙasar nan, za a yi anko na ɗaruruwan mutane, kuma shugaba ce za ta ce ga wadda za ta ɗinka. A da ba sai an tambaya ba. Amma wata Sumayya ta buɗe shago a sabuwar unguwa, da kekuna masu aiki da lantarki, da wata mummunar ɗabi'a ta mayar wa mutane ragowar yadinsu a leda. Hajiya Saudatu ta kira wannan rashin sanin darajar sana'a. Duk da haka mata sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ta sani sarai in ankon nan ya tafi wurin Sumayya to shugaba ta tafi, in shugaba ta tafi garken ya tafi, ita kuma sai ta koma neman Saude inda ta baro ta. Tsoro ya kama ta ƙwarai, har tuwo ya daina yi mata daɗi.

Ana cikin haka sai Allah Ya dubi Najeriya da idon rahama. Fadila, 'yar shugaba, wadda ta dawo gida goyon ciki, ta sauka lafiya. Namiji aka samu, kuma ba a kowace rana ba sai ran ɗaya ga Oktoba, ranar 'yancin kai. Sauran mutane suka ce barka, Allah Ya raya. Hajiya Saudatu ta ce wannan ishara ce, kuma ba kowa ke gane ishara ba sai wanda ya je bita.

Ta zauna ta yi nazari. Ran suna mata za su kawo turame da sabulai da rigunan jarirai 'yan kanti, a tara su tsibi guda, kashegari ba wanda zai tuna wa ya kawo me. Ita kuwa ta taɓa gani a wayarta yadda tsofaffin Turawa ke harhaɗa ƙyallaye su ɗinka wa jariri bargo, a yi ta yabon su kamar sun gina asibiti. Abin da tsohuwar Baturiya ta yi da tsumma, me zai hana Jakadiya ta yi shi da leshi? Za ta ɗinka tutar ƙasa sukutum, kore a gefe da gefe, fari a tsakiya, kowane ƙyalle ya wakilci jiha ɗaya. Za ta miƙa shi a gaban matan ƙungiya kaf, ta yi jawabin da zai sa a yi hawaye, daga nan kuma ta ga bakin da zai iya ambaton Sumayya.

Ta rufe shago, ta ce a gaya wa duk mai neman ta tana kan aikin ƙasa. Ta jawo adaka tsakar ɗaki, ta zazzage, ta shiga ware kore da fari. Ba ta yi rowa ba, wannan kam a ba ta. Ƙananan ƙyallaye ta ture su gefe, ta ce ba za ta wulaƙanta jiha da abin da bai kai tafin hannu ba. Manya-manyan ta zaɓa, na leshi mai duwatsu da shadda mai maiƙo da atamfar da sai an je ƙasar waje ake samun irinta. Keke ya yi ta kuka, bargo ya yi ta girma, har ya kai in an shimfiɗa shi zai rufe jaririn da uwarsa, kakarsa ma ta samu wurin sa ƙafa.

Mijinta Malam Ɗanliti, wanda ya yi ritaya daga ofishin gona, ya daɗe da gane cewa zaman lafiyar gidansa a cikin rediyo yake. Amma ranar da ya leƙo ya ga rabin tuta a shimfiɗe a kan tabarma, sai ya tsaya ya yi gyaran murya, ya tambaye ta ko masu kayan nan ba za su je sunan ba.

"Waɗanne masu kaya?" ta ce, ba ta ko ɗago kai daga keke ba. "Malam, kai takin zamani ka sani. Matan nan kowace akwatunanta sun fi ɗakin ga cika. Wadda ba ta san yawan zannuwanta ba ita za ta gane ƙyalle? Kuma ƙyalle in ya shiga tuta ya tashi daga na mutum, ya zama na ƙasa. Ka taɓa jin wanda ya kai ƙarar tuta?"

Malam Ɗanliti ya ce bai taɓa ji ba, ya yi mata fatan Allah Ya ba da sa'a. Ya san wanda ya yi nisa ba ya jin kira, sai ya koma zaure ya ƙara wa rediyonsa murya.

Ran suna da safe maza suka taru aka raɗa wa yaro Mudassir, da yamma gida ya koma hannun mata. An kafa rumfa a tsakar gida, kulolin waina da tuwon shinkafa sun yi layi, turaren wuta na tashi, masu kiɗan ƙwarya na gefe suna abinsu. Manyan matan kuwa suna babban falo tare da shugaba, kowacce ta zauna da nauyin gwal ɗinta. Hajiya Saudatu ba ta zo da wuri ba, domin babban baƙo ba ya riga taro. Sai da ta tabbata falo ya cika ta shigo, cikin koren zane da farar riga da koren ɗankwali, ɗaurin ya yi tsayin da sai da ta sunkuya a bakin ƙofa. Ƙunshin bargon yana rungume a ƙirjinta.

Aka yi gaisuwa yadda ta kamata, ina wuni, ina gajiya, yaya mai jego, yaya angon Hajiya, an samu kai lafiya, Allah Ya raya Ya yi masa albarka. Da mata suka ce Allah Ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne, Saudatu ta amsa da amin, ta ƙara da cewa Allah Ya sa kuma shugaban ƙasa ne. Wata ta miƙa hannu za ta karɓi ƙunshin ta kai inda aka tara kayan barka, Hajiya ta janye shi kamar za a taɓa mata ciwo. Ta nemi a tsayar da kiɗa, ta nemi a fito da mai jego da jariri, ta tsaya a tsakiyar falo ta gyara tsayuwa.

"Hajiya shugaba, manyan mata, iyayen ƙasa, assalamu alaikum. Ni ban iya kyautar kanti ba. Sabulu ƙarewa yake, turmi koɗewa yake, amma tarihi ba ya tsufa. Yaron ga ranar Najeriya ya zo duniya, don haka Najeriya na kawo mashi. Abin da za ku gani, ban ci ba ban sha ba sai da na gama shi. Kowane ƙyalle da ke ciki da gumina na same shi. Na haɗa Arewa da Kudu da allura ɗaya, abin da ya gagari maza tun ranar da Bature ya tafi. In ana neman wadda za ta tufatar da matan ƙasar nan su fito kamar uwa ɗaya ta haife su, to ni ba zan ce komi ba, aiki ya yi magana."

Ta sa mata huɗu suka kama kusurwoyi, aka ware. Gaskiya ɗaya ce, bargo ya yi kyau. Koren ya bi kore, farin ya bi fari, duwatsun leshi suna ɗaukar ido a ƙarƙashin fitila. Falo ya yi tsit, Hajiya kuwa ta san irin wannan shiru, shirun mutanen da kyau ya ɗaure wa baki ne. Ta zaro tef ɗin awo daga jaka, ta naɗe shi ya zama abin nuni, ta shiga zagaya ƙasa da su. Nan Katsina, ta sa ta a sama domin ita ce gida. Nan Kano, nan Sakkwato, nan Barno. Ta gangara Filato, ta ratsa Abuja a tsakiyar fari, ta sauka Legas, ta ƙare da wani koren leshi mai zanen ganye a can ƙasa, ta ce wannan ita ce Kalaba.

Sai Hajiya Ramla ta miƙe. Matar wani babban dillalin hatsi ce, kuma duk garin an san Allah bai ba ta rabonta na kunya cikakke ba. Ta ɗora tabarau a hanci, ta matso a hankali. Saudatu ta ja baya ta ba ta wuri da murmushi, domin mai son kallon fasaha ba a tare masa hanya. Hajiya Ramla ta kama Kalaba da yatsu biyu ta murza.

"Saudatu, wannan daga ina kika samo ta?"

"Daga nesa, Hajiya."

"Ba nisa. Leshina ne na bikin Abbas, wanda kika rantse mani bai isa ɗankwali ba."

Hajiya Ramla ta juya ta bayyana wa falo, ba tare da ta ɗaga murya ba, cewa ranar auren ɗan nata da ɗankwalin wani zane daban ta yi uwar ango, kuma hoton yana nan rataye a ɗakinta, kullum ta kalla sai ranta ya ɓaci. Ashe ɗankwalin yana nan lafiya, jiha guda ya zama.

A nan lissafin Jakadiya ya karye. Mace tana iya manta wanda ya zo mata biki, tana iya manta abin da ta dafa jiya, amma ba ta manta zanen da ta taɓa so, balle wanda aka gutsure mata. Kunyar nan kuma da Hajiya ta dogara da ita shekara da shekaru, ashe mutum ɗaya take jira ya fara. Kafin a ce me, matan manya sun ajiye jakunkuna da girma a kan kujeru, sun kewaye bargo, kowacce tana neman jiharta.

Wata mai suna Zainab, siririya ce tun asali, ita aka taɓa gaya wa jiki ta ƙara shi ya sa shaddarta ba ta isa ba. Damina guda ta yi ba fura ba maiƙo, tana shan ruwan lemon tsami da sassafe, har mijinta ya fara tambaya ko a kai ta asibiti. Yau ga ta tsaye tana kallon ƙibar tata a shimfiɗe a jihar Legas, fara tas, kamu biyu har da ɗori. Wata ta gane hannun rigarta a Barno. Wasu biyu suka fara musu a kan Filato, kowacce ta ce tata ce, sai da aka duba aka ga ɗinki a tsakiya, ashe anko ɗaya suka yi kuma dukansu an yanka. Masu riƙe da kusurwa ma biyu daga cikinsu suka saki, suka zagayo gaba neman nasu.

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, kuma Hajiya Saudatu ba ta rasa hauka ba. Da farko ta ce atamfa ai ba don mutum ɗaya kamfani ke buga ta ba, dubbai ake bugawa. Hajiya Ramla ta nuna mata tabon turaren da ya zube mata a gefen leshin tun ranar da aka buɗe shi, ta tambaya ko shi ma kamfani ne ya buga. Sai Jakadiya ta sauya hanya, ta ɗaga tef sama.

"To mu ɗauka naku ne. Ai sai ku gode mani. Da yanzu suna cikin akwati asu na ci, yau ga su cikin tuta. Kun yi ma ƙasa hidima ba ku sani ba, ladar kuma tana nan an rubuta maku. Wannan shi ne abin da ke damun Najeriya, kowa nawa nawa, ba mai cewa namu."

Ba wadda ta yi tafi. Hayaniya ta fara tashi, jariri ya farka ya sa kuka, Fadila ta rasa inda za ta sa kanta. Gumi ya fara bin gefen ɗaurin Hajiya, ta ji ankon yana sulalewa daga hannunta, sai ta dubi kujerar shugaba, domin nan kaɗai sauran numfashinta yake.

Hajiya Halimatus Sa'adiyya ba ta motsa ba tun da aka fara. Ba ta son hayaniya a gidanta, balle ranar farin ciki. Ta ɗaga hannu ɗaya, falo ya yi shiru. Ta ce ya isa haka, Saudatu baƙuwarta ce, kuma ba a tozarta baƙo a gidan suna. Ta ce ita dai ta duba bargon nan daga sama har ƙasa ba ta ga nata ba, kuma shekara da shekaru ana yi mata ɗinki ba ta taɓa kama Saudatu da cin ko taƙi ɗaya ba, mutum kuwa da abin da ya gani yake shaida. Ta ce a naɗe bargo a kai wa yaro, sauran magana a bar ta sai wata rana.

Mai hankali da ya samu wannan ƙofa sai ya sunkuyar da kai ya bi ta. Amma Jakadiya ba da sunkuyar da kai ta zama Jakadiya ba. Jini ya dawo mata fuska, ta gyara ɗauri, ta bi su Hajiya Ramla da kallon da ke cewa kun ji dai. Ta ture masu shirin naɗewa, ta ce aikin dizaina ba a naɗe shi kamar tabarma, kuma ma ba a ga komai ba tukuna. Ta kama gefe ɗaya ta juya bargon gaba ɗaya, ta shimfiɗa bayansa a kan cinyar shugaba.

"Hajiya, taɓa ki ji abin da zai taɓa jikin angonki. Karan-miski ne na asali, falle ɗaya ba haɗi. Irin wannan yanzu ko Makka kika je ba ki samun shi. Don gidan ga kaɗai na iya rabuwa da shi."

Shugaba ta ɗora tafin hannu a kan koren karan-miskin, ta shafa. Ta bi gefensa da yatsa har ta kai inda aka yi masa dajiya da hannu, da rawayan zare, ɗinki ƙanana masu ɗan karkata. A nan yatsan ya tsaya.

Karan-miskin na mahaifiyarta ne. Marigayiyar ta zo da shi daga aikin Hajji tun shugaba tana budurwa, ita ta yi masa dajiyar nan da hannunta, kuma shi ne abin da shugaba ta zaɓa a cikin kayanta bayan ta rasu. Da auren Fadila ya taso ta kai wa Saudatu shi, ta ce a yi wa amarya riga da shi don ta shiga ɗakinta da albarkar kakarta. Saudatu ta zo gidan nan tana kuka wiwi, ta ce garwashin dutsen guga ya faɗa masa ya cinye shi, abin da ya rage ba shi ganuwa. Shugaba ce ma ta rarrashe ta a ranar, ta ce ƙaddara ce, sannan bayan an watse ta shiga ɗaki ta yi nata kukan. Saudatu kuwa, Allah shaida, ta manta da wannan duka. Karan-miskin ya daɗe a adaka har ya zama cikin abubuwan da ta sha wahala kafin ta tara.

Fadila ta leƙo, ta gane, ta ce, "Hajiya, na Inna ne."

Saudatu ta dubi rawayan zaren, ta dubi fuskar shugaba, abin ya dawo mata gaba ɗaya, tef ɗin ya warware daga hannunta ya zube ƙasa.

Shugaba ba ta yi faɗa ba. Ta naɗe bargon da kanta, a hankali, ta ɗora shi a cinya ta dafe. Ta ce da wata daga cikin matan ƙungiya ta sanar da Sumayya ta zo gobe da abin awonta. Sannan ta bi falon da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Bargo ya karɓu," ta ce. "Ramla, mun gode da Kalaba. Zainab, mun gode da Legas, Allah Ya mayar maki da jikinki. Masu Filato da mai Barno, Allah Ya bar zumunci. Inna kuma Allah Ya jiƙan ta, ga shi tana kabari ta yi ma tattaɓa-kunnenta barka."

Mata suka ce amin. Sai ta juyo ga wadda ke tsaye a tsakiyar falo cikin kore da fari da kore, ta tambaye ta da murya mai taushi, irin ta mai son sani tsakani da Allah.

"To ke fa, Saudatu, mi kika kawo ma jinjiri?"